Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebula da Kyamarar Biki a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Kyamarar da kake ɗaukar biki da suna da ita, in dai irin wadda ake cire wa lens ce, za ta iya ɗauko maka gajimaren da ke can tsakanin taurari, wanda haskensa ya yi shekara fiye da dubu yana tafiya kafin ya iso gonar gidanku. Masana suna kiran irin wannan gajimare nebula. Tarin iska ne da ƙura, mafi yawansa iskar haidurojin, kuma a cikin irinsa ake haifar sababbin taurari. Ba sai da tabarau na hangen nesa ba. Manyan nebula suna da faɗi a sama, wasu sun ninka farin wata girma, abin da ya ɓoye su rashin haske ne kawai. Saboda haka aikin duka na tara haske ne. Ba hoto ɗaya za ka ɗauka ba, ɗaruruwa za ka ɗauka, kowanne kusan baƙi ƙirin, sannan kwamfuta ta haɗe su wuri guda. Da yayyafi kogi kan cika.

Kayan aiki

Tsohuwar Canon ko Nikon ta wadatar, muddin tana ɗauka a RAW kuma tana da saitin M. Lens kuwa, daga 85mm zuwa 200mm. Wanda masu wannan harka suka fi yabo shi ne Samyang 135mm f/2, amma 55-250mm ko 70-300mm da ke cikin jakar yawancin masu hoto ma yana yi, sai dai ya fi cin lokaci saboda ƙofarsa ba ta buɗewa sosai. Wanda 50mm f/1.8 kawai yake da shi ya fara da shi, ya fi sauƙin sarrafawa ma.

Sai ƙafar kyamara mai ƙarfi. Ita ce ba a yi wa rowa, domin mai rawa za ta lalata maka dare guda. In taka marar nauyi ce, kada ka zare ta duka, kuma ka rataya mata jaka da dutse a tsakiya. Sai rimot mai waya wanda ke danna shota da kansa, batir biyu cike da caji, memori mai 32GB ko fiye, salatif, da tocila da aka ɗaure wa jar leda a baki. Jan haske ba ya kashe ido. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon waya sau ɗaya ya isa ya mai da kai baya.

Zaɓen dare, wanda shi ne rabin aikin

Fara da lissafin watan Musulunci. Daga 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo, nan ne kasuwarka. A farkon wata jinjirin yana faɗuwa da wuri, kullum kuma yana ƙara kimanin minti 50, don haka ranar 5 sai ka jira shi ya faɗi wajen ƙarfe goma da wani abu. Daren sha huɗu kuwa ka bar wa yara su yi wasansu a dandali.

Sannan hazo. Littattafan Turai ba za su gaya maka wannan ba, domin su gajimare ne damuwarsu. Mu a nan, lokacin da taurarin da muke so suka fi kyau a sama, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne kuma lokacin da hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara ya shimfiɗa mana. Sama za ta zama babu gajimare ko ɗaya, amma hoton ya fito kamar an shafa masa toka. Ka duba tun da la'asar. In rana ta koma fari fat tun ba ta kusa faɗuwa ba, dutse ko bishiyar da ka saba hangowa daga nesa ta ɓace, to ka kwanta ka yi barcinka. In sama ta yi shuɗi har ƙasa, ka sa batir a caji. Da daddare ma akwai gwaji: ɗaga kai ka dubi Kaza da 'ya'yanta. In ka ƙirga shida ba wahala, daren na aiki ne. In ka ga manyan taurari da rawanin haske kewaye da su, akwai ƙura a sama.

A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ya wanke sama, hazo kuma bai sauka ba. Kuɗinsa shi ne barci, domin a lokacin sai tsakar dare abin da kake nema yake hawa sosai. Ka lura da masu ƙona kara da ciyawa bayan girbi, hayaƙinsu kan kwanta ƙasa-ƙasa da dare.

Wuri kuma, ba nisa daga gari kawai ake dubawa ba, har da ɓangaren da garin yake. Abubuwan da za mu ɗauka suna fitowa daga gabas ne su bi ta kudu. Wanda ke wajen Birnin Kudu, Gwaram, Sumaila, Rano ko Tudun Wada, hasken birnin Kano yana bayansa, kudunsa duhu ne. Wanda ke wajen Ɗambatta, Bichi ko Kazaure kuwa, hasken Kano zai zauna masa a kudu, sai ya jira abin ya hau can sama. Cikin ƙauyen ma ka nisanci fitilun sola na kan titi da jar fitilar ƙarfen sabis. Bakin dam irin Tiga yana da daɗin zama, amma raɓa da sauro sun fi yawa.

Abu ɗaya da bai shafi kyamara ba amma ya fi ta muhimmanci. Mutum tsaye a bayan gari ƙarfe ɗaya na dare, da wani abu mai ƙafa uku da jar fitila, a wannan zamani, neman magana ne. Ka je wurin mai unguwa tun da rana.

"Ranka ya daɗe, yau da dare zan fita fegin bayan makaranta in ɗauki hoton taurari. Na ce bari in sanar, kada 'yan sintiri su gan ni su ɗauka wani abu ne."

Mai yiwuwa ya ce, "Taurari kuma, ɗan nan? To Allah ya taimaka. Ka tafi da yaro ɗaya."

Ka karɓi yaron. Kada ka fita kai kaɗai, ka sa takalmi sau-ciki saboda kunama da maciji, ka ɗauki rigar sanyi, kuma kada bakin lens ya kalli gidan kowa.

Gano abin da za ka ɗauka

Na farko ga kowa shi ne nebular Oriyon, mai lamba M42 a jerin Charles Messier, masanin taurari na Faransa a ƙarni na 18. Nisanta ya kai tafiyar haske ta shekara 1,340 ko kusa da haka, kuma ita ce nebula ta farko da aka taɓa ɗauka a hoto, wanda Henry Draper ya yi a Amurka a 1880. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san taurarin nan uku da ke jere reras a lokacin sanyi, su ne tsakiyar tarin taurarin da ake kira Oriyon. Idan suna fitowa daga gabas a tsaye suke, ɗaya bisa ɗaya. Bi layinsu sama, za ka tarar da Dabaran mai ja-ja, gaba da shi Suraiya, wato Kaza. Bi shi ƙasa, za ka tarar da Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraron dare haske, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi. To a hannun dama na ukun nan, ta kudu, akwai wani gajeren jeri na ƙananan taurari. Na tsakiyarsu in ka ƙura masa ido za ka ga bai da kaifi, dishi-dishi yake. Ita ce.

A tsakiyar Disamba tana kaiwa kusan rabin sama wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ta kai ƙololuwa bayan sha biyu kaɗan. A tsakiyar Janairu ƙololuwar wajen goma da rabi ce. A Kano tana hawa har digiri 73, abin da mutanen Ingila ba sa samu. Kada ka fara tun tana ƙasa, can ne ƙura ta fi kauri. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka inda take a kowace sa'a, ka dai kunna mata jan allo.

Saita kyamara

Yi wannan tun a ɗaki, kuma a ɗakin za ka ɗaura lens. Cire lens a fili cikin hunturu gayyatar ƙura ce zuwa kan sensa.

Juya zuwa M. Zaɓi RAW. Mai da lens kan MF, kashe IS ko VR, wato mai hana rawar hoto, kashe rage yashin dogon ɗauka da kyamara ke yi da kanta (yashi shi ne ɗige-ɗigen nan da ke ɓata hoton duhu), domin yana ninka lokacin kowane hoto. ISO ka sa 1600 ko 3200. Ƙofar lens ka buɗe ta duka in mai f/4 ko f/5.6 ne. In mai f/1.8 ko f/2 ne, rage ta zuwa f/2.8, taurarin gefe za su fi zama ɗigo.

Tsawon ɗauka shi ne inda ake faɗuwa. Duniya tana juyawa, sama tana tafiya digiri 15 a kowace awa, dogon lens kuma yana ƙara girman wannan tafiya. Akwai tsohon lissafi: raba 500 da tsawon lens, bayan ka ninka tsawon da 1.6 in ƙaramar sensar Canon ce, ko 1.5 in ta Nikon ce. A 135mm zai ba ka daƙiƙa 2 da ɗoriya. Lissafin zamanin fim ne, ya yi wa kyamarorin yau sassauci, ga shi kuma Oriyon yana daidai inda taurari suka fi gudu a sama. Ka ɗauki rabin abin da ya ba ka. A 135mm, daƙiƙa 1 zuwa 1.3. A 200mm, 0.8 zuwa 1. A 50mm, 3 zuwa 4. Ɗauki ɗaya, zuƙo shi a allo har ƙarshe. Tauraro ya zama ɗigo. In ya fara zama tsinke, rage.

Sai fokas, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Alamar ∞ da ke jikin lens ba abin dogaro ba ce. Nufi Shi'ira, kunna allon baya, zuƙo sau goma, ka riƙa murza zoben a hankali. Tauraron zai zama ƙwallo, ya ƙanƙance, ya sake kumbura. Koma baya, ka wuce, ka dawo, har ka tsaya inda ya fi ƙanƙanta. Alama mai kyau ita ce wasu ƙananan taurari da ba ka gani a da su ɓullo kewaye da shi. Da ka samu, manna salatif a zoben fokas, da na zum ma in lens ɗinka mai zuƙowa ne, domin in ya kalli sama nauyinsa kan ja shi ya zame. Akwai wani faifai mai tsage-tsage da ake ɗorawa a bakin lens, wanda wani ɗan Rasha, Pavel Bahtinov, ya ƙirƙiro a 2005, yana sauƙaƙa aikin, amma ido da haƙuri ma suna yi. Bayan awa ɗaya ka sake dubawa, sanyin dare yana motsa fokas.

Ɗauka

A 135mm kan ƙaramar sensa, hotonka yana cin kimanin digiri 10 a tsawo, 6 da rabi a faɗi. Wannan ya isa ya haɗa taurarin nan uku da M42 a hoto guda. Kusa da na ƙarshensu ta gabas, Alnitak, akwai nebula biyu, mai kama da harshen wuta da mai kama da kan doki. Ta farkon za ta fito. Kan dokin yana da wuya ba tare da injin da ke juya kyamara ta bi taurari ba, in ka ga inuwarsa ka gode Allah.

Sa abin da kake nema ɗan gabas da tsakiyar hoto, domin yamma zai tafi. Saita rimot ya riƙa ɗauka da tazarar daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka janye hannunka, kada ka yi ta zagaye kusa da ƙafar. Sama tana gusawa digiri ɗaya duk minti huɗu, saboda haka bayan kowane minti huɗu ko biyar ka tsayar, ka dawo da shi inda yake, ka ci gaba. Ba sai ya koma daidai wurin ba. Ɗan bambancin ma alheri ne, yana taimaka wa kwamfuta ta share tabon sensa.

Nawa za a ɗauka? Hoto 100 yana rage yashi-yashin hoto sau 10 a kan guda ɗaya. Kafin ka sami sau 20 sai ka ɗauki 400. Haka lissafin yake, kowane ƙarin kyau ninki biyu yana cin aiki ninki huɗu. Ka nufi 500 zuwa 600. Hoto 600 na daƙiƙa 1.3 minti 13 ne kacal na haske, amma zai ci maka kusan awa guda a fili da wajen 15GB a memori. Abin da za ka gani a bayan kyamara ba zai burge ka ba: baƙin allo, 'yan ɗige-ɗige, da wani ɗan tabo mai ruwan hoda. Yaron da mai unguwa ya haɗa ka da shi zai leƙa ya ce, "Yaya, wannan ne?" Ka ce masa ya jira gobe.

Kafin ka naɗe kaya akwai hotuna iri uku na gyara, kuma masu gaggawa su suke tsallakewa.

Na farko ana ce musu dak. Rufe lens da murfinsa, kada ka taɓa ISO ko tsawon ɗauka, ka ɗauki 40 ko 50 nan take a fili, domin zafin sensa ya zama ɗaya da na sauran. Na biyu bayas: murfi a rufe, ISO ɗaya, shota a mafi saurinta, kamar 1/4000, guda 50. Minti biyu sun isa.

Na uku filat, wanda a ƙasarmu ya fi sauran amfani. Kowane lens yana duhunta kusurwoyin hoto, kowace ƙwayar ƙura a sensa kuma tana barin zagayayyen tabo. A hoton biki ba a lura, amma nan da za a ja hasken hoto da ƙarfi, duk za su fito fili. Cire murfi, kada ka taɓa fokas, ƙofar lens ko zum. Shimfiɗa farar riga mai tsabta a bakin lens, ninki biyu, ba tare da tattara ba, ka ɗaure da roba. Buɗe farin shafi a waya ko kwamfuta ka kifa a kai, ya rufe bakin duka. Sauya tsawon ɗauka har tudun jadawalin haske, wato histogram, ya zauna wajen tsakiya, ka ɗauki 30, kana ɗan juya wayar tsakaninsu.

Haɗawa a kwamfuta

Manhajoji biyu ne na kyauta da aka fi amfani da su. DeepSkyStacker ta fi sauƙi ga mai farawa. Siril tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana yin haɗawa da gyara duka. A Siril za ka buɗe jaka huɗu da waɗannan sunaye daidai, lights (hotunan sama) da darks da flats da biases, ka zuba kowane iri a tasa, ka nuna mata babbar jakar, ka kunna umarnin OSC_Preprocessing. Kafin nan ka bi hotunan da sauri ka goge waɗanda iska ta girgiza ko fitilar babur ta haska. Ka tanadi fili mai yawa a kwamfuta, domin fayilolin da take ƙirƙira a tsakiyar aiki sun ninka na asali sau da yawa, kuma kada ka fara sai da cikakken caji ko tabbacin wuta. Tsohuwar kwamfuta tana iya yin awanni.

Sakamakon zai fito baƙi, kada gabanka ya faɗi, hasken yana ciki a dunƙule. Fara da yanke gefuna, inda hotunan ba su hau juna daidai ba. Sai cire hasken bango, wato wannan ja-ja ko ruwan ƙasa da hazo da hasken gari suka zuba a gefe guda. Siril tana yi, GraXpert ma kyauta ce kuma ta ƙware a kai. Ka tabbata ɗigon da manhajar ke aunawa da su ba su hau kan nebular ba, in ba haka ba za ta ɗauke ta a matsayin datti ta share. Sai daidaita launi, sai cire koren da ya yi yawa. Daga nan ka fara jawo hasken hoton, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A nan ne fukafukan M42 za su buɗe, ja da shuɗi-shuɗi, da baƙin zirin ƙura a tsakani.

Wurin tsayawa yana da wuyar ganewa. Ni dai ma'aunina biyu ne: bango ya zama toka mai duhu, ba baƙi ƙirin ba, kuma tsakiyar nebular kada ta ƙone ta zama farin tabo. Hoton da aka ja fiye da kima, taurarinsa sun kumbura, launinsa ya yi kamar na atamfa, ana gane shi daga nesa. In ja bai fito sosai ba, ba laifinka ba ne. Haidurojin yana fitar da jan haske mai tsawon nanomita 656, kuma gilashin da ke gaban sensar kyamarar yau da kullum yana tare mafi yawansa. Akwai masu cire gilashin, amma kada ka yi wa kyamarar da kake cin abinci da ita haka. In za ka tura a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya cinye ƙananan taurarin.

Bayan Oriyon

In abin ya shiga ranka, mataki na gaba injin bin taurari ne, irin Sky-Watcher Star Adventurer ko iOptron SkyGuider Pro, wanda zai ba ka daƙiƙa 30 zuwa 60 ko fiye a kowane hoto. Sai an saita shi da tauraron arewa, wanda a Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, kaɗan ya fi dunƙulen hannu in ka miƙe shi. Kuka ɗaya ko hazo kaɗan ya isa ya ɓoye shi, don haka ka zaɓi fili mai buɗaɗɗen arewa. Kafinta ma zai iya haɗa maka na katako: allo biyu da hinji, da ƙusa mai zare, girman M6, a nisan milimita 228 daga tsakiyar hinjin, ana juya ta zagaye ɗaya a minti. Hinjin ne zai kalli tauraron arewa. Da 50mm yana aiki lafiya, da 200mm hannu ba ya iyawa.

Da injin, Kaza za ta nuna shuɗin hayaƙin da ke kewaye da 'ya'yanta, nebular Rozet kuma, da ke gabas da Oriyon, za ta fito kamar fure. Wajen taurarin Nu'aima, bayan wutsiyar tarin taurarin da ake kira kunama, akwai nebula biyu, M8 da M20, lokacinsu na dare ya faɗo cikin damina, sai dai ka kama su kafin asuba a watan Afrilu, ko a daren da ruwa ya ɗauke sama ta washe, kana goge raɓa.

Wadda nake so kowa ya gwada ita ce nebular Karina, NGC 3372. Ta fi M42 faɗi nesa ba kusa ba, tana da hasken da za a iya ɗaukarta ko ba inji, kuma yawancin Turai ba a ganinta sam. A Kano digiri 18 kawai take hawa a kudu, wajen tsakar dare a farkon Maris, wajen tara da rabi a tsakiyar Afrilu. Kana da kamar awa biyu kafin ta gangara. Tana buƙatar kudu mai duhu, babu gari, babu bishiya, da daren da ƙura ta kwanta. Zafin bazara yana ƙara wa sensa yashi, saboda haka ka kashe allon baya tsakanin ɗauka, ka ƙara yawan hotunan, dak ɗin ma ka kai su 60.